Mai Sabulun Fakku a Zauren Lacca

Sau biyu na taɓa zama ɗaki ɗaya da mutumin da duniya ta ba babbar lambar yabo ta kimiyya, kuma duka biyun a babban zauren laccar jami'armu ne. Lokacin ina ƙaramin ma'aikaci a sashen kemistiri, mai ɗaukar jakar Farfesa, mai jiran a tabbatar masa da aiki. A shekarar hukumar jami'a ta kamu da zazzaɓin gayyato irin waɗannan manyan, su zo su yi lacca ga kowa da kowa, a ɗauki hoto, a buga a kalanda.

Na farkon masanin fiziks ne, wani dogon tsoho mai rawar hannu. An aika motoci har Tambuwal da Dogon Daji aka kwaso 'yan sakandare don a cika kujeru. Mai gabatarwa ya fi sa'a guda yana jero manyan baƙi, kowa da sarautarsa da digirinsa, wanda aka manta kuma ya aiko da 'yar takarda a koma a kira shi. Kafin a miƙa wa tsohon makirfo, rabin manyan sun fara duba agogo. Ya yi bayani a kan haske, yana zana wasu layuka masu lanƙwasa a allo, mu kuwa muna ta gyaɗa kai kamar ƙadangaru. Ni da na yi shekara huɗu ina karatun kimiyya, wallahi bayan gaisuwarsa ban kama komai ba. Da ya gama aka ce a yi tambaya, zaure ya yi tsit. Can wani malami ya miƙe, ya daɗe yana gabatar da kansa, sannan ya tambayi yadda ake samun gurbin ƙaro karatu a ƙasarsu. Tsohon ya cire tabarau ya goge, ya ce bai sani ba.

Abin ya ƙona wa hukuma rai. Aka ba da umarni cewa baƙo na gaba, wanda masanin kemistiri ne, ba za a bari ya zo ya yi mana karatu kawai ya kama gabansa ba, dole mu ma mu nuna masa namu. Aka ɗora wa sashenmu nauyin. Farfesa, wato shugaban sashen, ya yi kwana biyu yana masifa yana neman abin nunawa, sai ya tuna da kundin digirina.

A kan sabulun salo na yi kundin, da yadda masu yin sa suke gane ƙarfin ruwan toka ba tare da wani ma'auni ba. A ciki na rubuta cewa na zagaya na tattauna da matan Fakku, ta can ƙasar Kebbe, na kuma kira wadda ta fi su ƙwarewa da suna Mace ta Ɗaya. Gaskiyar magana ita ce babu mace ta biyu. Mace ta Ɗaya ita ce ta haife ni.

Bayan girbi Inna takan ƙona karan gero da na dawa, ta tara tokar a tukunya mai huji a gindi, ta zuba ruwa ya riƙa ɗiga cikin kasko. Wannan ruwan ake dafawa har ya yi ƙarfi, sannan a haɗa shi da man kaɗe. In ya yi rauni sabulu ba zai kama ba, in ya wuce kima ya ci jikin mai wanka. Inna sai ta tsoma ɗan yatsa, ta murza ta ji santsinsa, ta ɗan taɓa a tsinin harshe, ta ce a ƙara wuta ko a sauke. Na sha ɗibar ruwan da ta ce ya yi, in kai ɗakin gwaji in auna, kullum sai in tarar da shi kusan wuri ɗaya. Harshenta ya fi na'urorinmu gaskiya, tunda rabin namu ma a mace suke. Da wannan sana'a ta riƙe gida tun rasuwar Baba, kuma sana'ar ta ci hannunta: faratanta sun zaizaye, tafin ya tsattsage ya yi fari-fari.

Ni ne ɗanta na fari. A wajenmu, musamman gidajen da suka haɗa jini da Fulani irin namu, uwa ba ta nuna ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta haɗa ido da shi, ba ta cin abinci a gabansa, in aka tambaye ta yawan 'ya'yanta sai ta tsallake shi. Ana yaye ni aka kai ni Tambuwal wajen ƙanwar mahaifina, Goggo, ita ta riƙe ni. Duk abin da Inna take son faɗa mini Goggo take faɗa wa, ko da kuwa ina zaune kusa da su. In babu Goggo, sai ta yi magana da abin da ke gabanta. Kundin nan ma haka aka yi shi, tana yi wa tukunya bayani ni ina rubutawa. Baƙo zai ce ƙiyayya ce. Ni na san ba ita ba ce, don ko sau ɗaya ban taɓa barin Fakku ba sai na tarar da ƙullin wani abu a jakata wanda ba wanda ya ga lokacin da aka sa shi.

A jami'a kuwa ɗan Tambuwal aka san ni. Mijin Goggo ma'aikacin ƙaramar hukuma ne mai babur da rigar guga, na bar mutane suna zaton shi ne ubana. Farfesa mutum ne da in ya so zagin ɗalibi sai ya ce masa baƙauye, mu ƙananan ma'aikata mu kwashe da dariya, ni tawa ta fi ta kowa ƙarfi. Ban taɓa faɗin ƙaryar da bakina ba, na dai zuba mata ido tana girma.

Ya kira ni ofis, ya buga kundin a tebur. "Ka je ka kawo mini wannan matar," in ji shi. "Kuma ka gaya mata ban da kwalliya. Yadda take aiki, haka muke son ta."

Nan ne wurin da ya kamata in yi magana. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "To, ranka ya daɗe." A motar Tambuwal na yi wani tunani da har yau in na tuna shi sai in ji ƙyamar kaina. Na ce ai Inna ko da wuƙa a wuyanta ba za ta ce ni ɗanta ne a gaban jama'a ba. Ke nan asirina a rufe yake, kuma ita da kanta za ta rufa mini shi. Har daɗi na ji da wayona.

Na ɗauki Goggo muka shiga bas zuwa Kebbe, daga nan muka hau kabu-kabu zuwa Fakku. Mun tarar da Inna a bayan ɗaki tana juya tukunya, hayaƙi ya sa idanunta sun yi ja. Tana jin sallamata ta gyara lulluɓi ta ba ni baya.

"Yaron ga ya zaka da magana," in ji Goggo. "Wai wani Bature na, babban malami, shi ka son ganin sabulunki can makarantassu."

Inna ta ci gaba da juyi. Ta ce wa tukunya, "Su da ad da na kanti mai ƙamshi, mi za su yi da nau?"

"Shi yar rubuta aikinki ga littafi, manya sunka gani. In kin tafi, ɗaukaka shi za a yi."

Muciya ta tsaya a hannunta na ɗan lokaci. "To, ki ce mashi nika zuwa."

Goggo ta ce ita ma da ita za a je. Na ce motar jami'a mutum ɗaya aka ce a ɗauka, alhali ba wanda ya faɗi haka. Na san bakin Goggo, kafin a zauna za ta gaya wa duk wanda ta gani cewa ga uwar yaron nan. Ta dube ni ta ce, "To ƙaƙa za ku yi magana, kai da ita?" Na ce ba sai mun yi ba. Da Inna ta shiga ɗaki ta fito da atamfarta ta zuwa biki, na ce wa Goggo ta gaya mata ta mayar, zanen aikin nan mai dabbaren toka shi ake so. Goggo ta yi mini wani kallo, amma ta faɗa. Inna ta ninke atamfar a hankali ta mayar cikin adaka.

Mun kwana a Tambuwal, bayan asuba motar sashe ta zo ta ɗauke mu da tukunya da buhun toka. Ni a gaba, ita a baya. Direba ya tambaye ni ko tsohuwar tana jin daɗin sanyin mota, na ce ya bar ta kawai.

An yi mata rumfar kara a bakin zauren, aka jera duwatsun murhu, aka kafa allo da Turanci a kanta. Nan ta zauna tun hantsi har bayan azahar tana juya sabulu. Ɗalibai suka yi mata zobe da wayoyi, wannan ya ce, "Tsohuwa, ɗago kai," wancan ya ce ta yi dariya a ga haƙora. Matan manya suna wucewa suna toshe hanci da gyale. Ni kuwa ina cikin kwat, da bajen kwamiti a ƙirji, na wuce ta gabanta ya fi sau huɗu ina riƙe da takardu ina nuna sauri. A wucewa ta ƙarshe na ji ta ce a hankali, "Tukunyag ga ƙishirwa taka ji." Na sami wata mai shara na ce ta kai wa matar can ruwan leda.

Da safen Farfesa ya riga ya shirya abin da zai burge baƙo. Ya ce in haɗa kofi biyar. Huɗu na ruwan toka, kowanne da ƙarfinsa, a ga ko za ta iya jera su. Na biyar kuwa sodar ɗakin gwaji, wadda muke ajiyewa a kwalba mai jan rubutu.

"Ka yi shi da ƙarfi don a ga bambanci," in ji shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, zai iya ƙona mata baki."

"Bakin 'yan ƙauye? Mutanen da ke tauna barkono suna hira?" Ya leƙo ta saman tabarau yana murmushi. "Ko 'yar'uwarka ce?"

Na yi dariya. Na ce, "A'a, ranka ya daɗe." Na je na haɗa, da hannuna, da ƙarfin da ya ce.

Baƙon gajeren tsoho ne mai fara'a, kuma ba mugu ba ne, wannan ma shi ya fi ci mini rai daga baya. Zaure ya cika maƙil, 'yan sakandaren Tambuwal sun sake zuwa da fararen rigunansu, aka yi jeren sunayen manya kamar yadda aka saba. Ya yi laccarsa a kan wasu abubuwa da ke sa haɗin sinadarai ya yi sauri ba tare da su kansu sun ƙare ba. Wannan karon na fahimci wani abu, har na rubuta a bayan takardar shiri. Yana gamawa Farfesa ya karɓi makirfo, ya ce shekara da shekaru yana bincike a kan ilimin mutanenmu na karkara, kuma yau zai nuna wa duniya abin da ya gano. Sunana bai fito ba, sai da ya zo wajen cewa ga wanda zai yi tafinta.

Aka shigo da Inna. Da ta zo gindin matakala sai ta tuɓe takalmanta ta ajiye gefe, yadda ake yi in za a shiga gaban manya. Zaure ya ɗauki dariya. Ta hau ba takalmi, ta tsaya gaban tebur kanta a ƙasa, ni ina gefenta da makirfo.

Kofi huɗun farko ba su ɗauke ta komai ba. Ta tsoma yatsa, ta murza, ta taɓa a harshe. "Wanga ruwa na." Na biyu, "Wanga saura kaɗan." Na uku, "Wanga ya yi." Na huɗu ta ɗan yamutsa fuska, "Wanga ya wuce, a ƙara mashi ruwa." Ina fassarawa, Farfesa yana ɗaga takardar awo yana nuna cewa haka ne. Baƙon ya miƙe tsaye yana tafi, idanunsa suna ƙyalli. A wannan lokacin na ji ƙirjina ya cika, na ji ina alfahari da ita, amma a ciki na bar shi.

Ta zo kan na biyar. Ta tsoma yatsa, ta murza sau ɗaya, ta tsaya. Ta goge yatsan a zane ta ce wa tebur, "Wanga ba toka ba ta. Soda ta."

Da nan aka tsaya, da an gama lafiya, ta gane abin tun kafin ya kai baki. Amma Farfesa ya riga ya cika baki cewa da harshe take yi. Ya matso ya ce mini ƙasa-ƙasa, "Ce mata ta ɗanɗana." Na dube shi, ya sha mur. Na ɗauki kofin da hannuna na miƙa mata, na ce cikin makirfo, "Ana so ki ɗanɗana." Tun da aka haife ni ban taɓa ba ta umarni ba sai ranar.

Ba ta dube ni ba. Hannun da ke riƙe da kofin ta duba, ta daɗe tana dubansa. Ta san abin da ke ciki sarai, ita da ke ƙin taɓa sabulun soda ko a kasuwa. Da wani ne ya miƙo, na tabbata za ta girgiza kai ne. Amma an gaya mata zuwanta ɗaukaka ni zai yi. Ta tsoma yatsa har gaɓa ta biyu, ta ɗora a kan harshe. Na ga jijiyar wuyanta ta miƙe, idanunta suka kawo ruwa. Ba ta tofar ba, don ba a tofar da yawu a gaban manya. Ta riƙe shi a baki har sai da ta sami damar kai bakin zane ta goge. Baƙon ya tambayi me ke cikin kofin, Farfesa ya ce ɗan ruwan soda ne mai rauni. Aka sake tafi.

Daɗi ya kama baƙon, ya zo ya kamo hannunta ya ɗaga sama, mai ɗaukar hoto ya kawo na'ura kusa, tafin hannun Inna ya bayyana a ƙaton allon majigi da duk tsagarsa da faratan da suka zaizaye. Ya ce wannan hannun ya san abin da lambar yabonsa ba ta sani ba. Wasu suka yi tafi, 'yan baya suka yi ihu suna dariya. Matar da tun rasuwar Baba ba namijin da ya taɓa ko bakin zanenta, ga ta tsaye wani baƙon namiji ya ɗaga hannunta yana juya shi ga mutum ɗaruruwa. Ta sandare, tana kallon yatsun ƙafarta.

Sai ya ce in tambaye ta 'ya'yanta nawa. Na tambaya.

"Fuɗu," in ji ta. Maganar ta fito da nauyi, harshen ya fara kumbura.

Mu biyar ne. Na ce masa huɗu. Ya ce a cikinsu akwai wanda ya yi karatun boko, wanda zai ɗauki wannan ilimin ya kai shi gaba?

"Ko guda. Noma su ka yi."

Baƙon ya girgiza kai da tausayi. Ya dafa kafaɗata, ya juya ga jama'a ya ce wannan ita ce asarar da ake yi. Da a ce wannan baiwar Allah ta haifi ɗa irin wannan saurayin, mai ilimi, mai natsuwa, da duniya ta ji labarinsu. Zaure ya ɗauki tafi. Farfesa yana dariya ya ce, "Fassara mata mana, ta ji."

Makirfo yana bakina. Ba wata doguwar magana ake nema ba, in ce ranka ya daɗe ni ne na biyar ɗin da ba ta ƙidaya ba, shi ke nan. Ita al'ada ta ɗaure mata baki, ni ba abin da ya ɗaure mini nawa. Babu wata al'ada a Fakku ko a Tambuwal da ta hana ɗa cewa ga uwarsa. Na dubi layin gaba, na ga manyan riguna da hulunan digiri, na ga Farfesa, na ga hannun nan har yanzu a kan allo. Ba tsoron rasa aiki ne kawai ya kama ni ba, na daɗe ina yi wa kaina wannan ƙaryar. Hannun ne ban so a ce shi ya haife ni. Na juya na fassara mata maganar baƙon kalma bayan kalma, ban rage komai ba.

Ta saurara har na kai ƙarshe. Sannan ta ce, "Allah bai ba ni ba."

Wannan ma ni na fassara shi.

Wajen hoto aka ce ta tsuguna a gaba kusa da tukunya, mu muka jeru a baya. Farfesa ya buga bayana ya ce in ɗauka aikina ya tabbata. Baƙon ya ba ni katinsa. Ba wanda ya tuna da takalmanta, sai da zaure ya watse na ga ta koma gindin matakala tana neman ɗaya a ƙarƙashin kujeru.

Motar sashe ta mayar da mu Tambuwal. La'asar sakaliya muka shiga gidan Goggo, ta taso da murna tana tambayar yadda aka yi, ta dama fura ta kawo a kwano. Inna ta karɓa ta ajiye gefe. Goggo ta ɗauka don ina wurin ne, ta yi mini alama in fita. Sai ta lura da yadda Inna ke riƙe da baki. Ta tsuguna ta ce ta buɗe. Daga inda nake tsaye na hango harshen, fatarsa ta yi fari ta saɓule tun daga tsini har tsakiya.

"Innalillahi! Wa yay yi maki hakanga?"

Goggo ta waiwayo ta dube ni, na sunkuyar da kai. Ina jira Inna ta ce wa bango wani abu, ko ta ce wa Goggo ki ce ma yaron ga. Maimakon haka sai na ji an kira sunana. Cikakkensa, har da Malam a gabansa. Ban gane muryar da wuri ba, don ban taɓa jin sunan a cikinta ba. Na ɗago, na tarar tana kallona cikin ido. Ina da shekara ashirin da bakwai, ranar na fara sanin cewa akwai ɗan tabo a farin idonta na hagu.

"An gode da hidima," in ji ta, da harshenta mai nauyi. "Allah shi kai ka gida lafiya."

Goggo ta dafe ƙirji. "Subhanallahi! Ke kuwa, ɗan fari? Da bakinki?"

"Ɗiyana fuɗu na. Yau gaban jama'a anka ƙidaya su."

Ta jawo kwanon furar, ta ɗaga ta sha a gabana. Ina ganin yadda kowane kurɓi ke sa kafaɗarta ta motsa, amma sai da ta shanye.

An tabbatar mini da aikin. Harshen ya warke bayan wasu makonni, sai dai tsinin bai ƙara jin komai ba. Ta gwada sabulu sau biyu ya lalace, na uku ta kife tukunyar a bayan ɗaki ta bar ta nan. Ƙanwata ce ke yin sabulu a gidan yanzu, na soda, da ma'aunin roba.

Har yau in na je Fakku, Inna ce ke fara fitowa ta tare ni. Ta kira sunana tun daga ƙofar gida, ta shimfiɗa mini tabarmar baƙi, ta zauna gabana ta tambayi aiki da iyali da hanya, ta ci goronta muna hira. Matata 'yar birni ce, takan ce na yi sa'a, surukarta wayayya ce, ba ta da irin ɓoye-ɓoyen nan na mutanen ƙauye. Ni kuwa duk kiran da ta yi sai na ji shi har cikin ƙashina. Ƙannena sun lura, amma ba wanda ya taɓa tambaya.

Bayan shekara uku na kasa jurewa, na je na gaya wa Goggo komai, har kofin da wanda ya haɗa shi. Ta yi kuka, ta zage ni tas, sannan ta yarda ta kai roƙona. Kwana biyu ta yi a Fakku ta dawo. Ta ce Inna ta ce ba sai da ɗan aike ba, in ina da magana in zo in faɗa da kaina kamar kowa.

Na je. Na tarar da ita tana tsince wake a faifai. Na durƙusa a ƙasa, na faɗi abin da na yi tun daga ofishin Farfesa har zuwa makirfo, ina kuka irin wanda rabona da shi tun ina yaro. Ina fata ta juya mini baya. Ina fata ta yi shiru, ko ta ce wa faifan wani abu mai zafi. Ta saurare ni har na gama, hannunta bai daina tsintar wake ba. Sannan ta ɗago da fara'a, ta ce ba komai, ta yafe duniya da lahira, yadda ake ce wa wanda ya taka maka ƙafa a kasuwar Kebbe. Ta ce in tashi ƙasa kada wandona ya ɓaci, kuma ta kira sunana a ƙarshen maganar.